Direba Marar Sa Hannu: Kafin A Danna Lamba 7, A San Wanda Ake Buɗe Wa Ƙofa

Duk wanda wayarsa ta taɓa maƙalewa a kan tambarin kamfani, ta ƙi gaba ta ƙi baya, ya san irin tashin hankalin da ake shiga. A ɗauki matashi a Bilbis da ya wayi gari da wannan matsala. Lambobin mutanensa suna ciki, hotunansa suna ciki, asusun da ake turo masa kuɗi ma a cikinta yake. Sai ya hau mashin zuwa Tsafe, in ba a dace a can ba ya shiga mota zuwa Gusau. Ya miƙa wa mai gyara ya ce, "Injiniya, don Allah duba min wagga waya." Injiniya ya juya ta gaba da baya, ya ce sai an yi mata filashin, wato a sake ɗora mata babbar manhajarta.

Aka jona kebul da laftof, sai laftof ta ƙi gane wayar. A cikin Device Manager ga wata alama ruwan ɗorawa, tare da saƙon cewa Windows ba ta iya tantance sa hannun direban ba. Injiniya bai ko damu ba. Ya danne Shift ya sake kunna kwamfutar, wani shuɗin allo ya fito da jerin zaɓi, ya danna lamba 7. Direba ya shiga, waya ta tashi, aka biya kuɗi, kowa ya kama gabansa. A wani shagon ma ba a buƙatar wannan zagaye, domin a ƙasan allon laftof ɗin daga dama akwai ɗan rubutu mai cewa Test Mode, wanda ya fi shekara yana nan ba wanda ya ƙara kallonsa.

Babu laifi a kashe tantance direba idan buƙata ta kama, kuma wani lokacin babu wata hanyar sai ita. Laifin yana wajen mayar da abin al'ada: a kashe ba tare da an san asalin direban ba, a bar shi a kashe dindindin, kuma a kan kwamfutar da wayoyin jama'a ke bi ta cikinta kullum. Mai gyaran da ke yin haka yana caca ne da amanar da ba tasa ba, mai wayar kuma yana da haƙƙin ya san abin da ke faruwa.

Mene ne direba, mene ne sa hannu?

Direba wata ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin babbar manhajar kwamfuta da na'urar da aka jona mata. Firinta tana da nata, kyamara tana da nata, wayar da aka jona da kebul ma haka. Bambancinsa da sauran manhajoji shi ne wurin da yake zama. Chrome ko VLC suna aiki ne a tsakar gida, akwai ɗakunan da ba su isa su shiga ba. Direbobi da yawa kuwa a cikin zuciyar Windows suke aiki, inda babu wata ƙofa da ke kulle. Abin da ya samu shiga can yana iya karanta abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya ga abin da ake bugawa a madannai, ya ɓoye fayil yadda ba za a gan shi ba, ya kuma kashe manhajar riga-kafin bairos ba tare da ta ankara ba. In ya yi kuskure kaɗan, kwamfutar gaba ɗaya ce ke faɗuwa ta nuna shuɗin allo.

Wannan ne ya sa Microsoft ta kafa ƙa'idar sa hannu. Tun daga Windows Vista mai bit 64, wadda ta fito kasuwa a 2007, direban da zai yi aiki a zuciyar babbar manhaja dole ya zo da sa hannu na dijital. A Windows 10, daga sabuntawar 1607 ta shekarar 2016, an ƙara tsaurarawa: sababbin direbobi irin waɗannan sai sun bi ta hannun Microsoft da kanta ta sa musu hannu.

Sa hannun abu biyu yake tabbatarwa. Na farko, wane kamfani ne ya fitar da direban. Na biyu, ba a taɓa shi ba tun da ya bar hannun kamfanin, domin ko harafi ɗaya aka canza a cikin fayil ɗin, lissafin ba zai ƙara daidaituwa ba, Windows kuma za ta gane.

Sunan ma ya sauƙaƙa misali. Wanda zai tashi daga Gusau zuwa Funtua ya san bambancin shiga mota a tasha da tare mota a bakin hanya. A tasha an san direban, yuniyon ta san lambar motarsa, in wani abu ya faru akwai wanda za a tambaya. Wannan bai hana direban tasha yin gudun wuce sa'a ba, kuma ba kowane na bakin hanya ne mugu ba. Amma mutanen Tsafe da Bunguɗu ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan abin da ya sa ba a faɗa wa motar da ba a san mai ita ba.

Me ya sa matsalar ta fi addabar masu gyaran waya?

Wayoyin da suka fi yawa a hannun matasan Arewa su ne Tecno da Infinix da itel, dukkansu na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ke sayar da kusan rabin wayoyin zamani da ke shigowa Afirka. Mafi yawansu suna ɗauke da furosesa na MediaTek, kamfanin Taiwan, ko na Unisoc, wanda a da ake kira Spreadtrum. Idan za a yi wa wayar MediaTek filashin da SP Flash Tool, ana jona ta ne a kashe. Na 'yan daƙiƙoƙi kawai take bayyana wa kwamfuta a matsayin MediaTek PreLoader USB VCOM, in ba ta tarar da direba a shirye ba sai ta ɓace. Wayoyin Qualcomm suna da nasu yanayin da ake kira 9008, shi ma da nasa direban.

Wanda ke neman direban wayar Samsung zai same shi a shafin masu haɗa manhaja na Samsung, da sa hannunsa. Google ma ta ajiye nata a shafin Android. Na MediaTek kuwa, kayan aikin filashin ɗinsa an tanade su ne don kamfanonin da ke ƙera waya, ba a jera su a fili yadda kowa zai shiga ya sauke cikin sauƙi ba. Mai gyara in ya bincika a Google, abin da ke fito masa shafuka ne barkatai cike da talla, da madannin saukewa guda huɗu waɗanda uku daga ciki na ƙarya ne. Da yawa daga fayilolin da ke can tun zamanin Windows XP da Windows 7 aka haɗa su. Akwai sababbi masu sa hannu, amma tsofaffin ne suka fi yawo, domin su ne bidiyoyin YouTube na shekarun baya suka nuna.

Ga kuma matsalar data da sabis. A Satumbar 2021 hukumar NCC ta ba da umarnin rufe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda matsalar tsaro. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Wanda ya yi sana'ar waya a irin wannan yanayi ya koyi darasi ɗaya: duk abin da yake buƙata ya kasance yana cikin filash a aljihunsa. Haka kayan aiki ke yawo hannu da hannu, daga oga zuwa yaronsa, daga wannan teburi zuwa na kusa, daga Farm Centre a Kano zuwa Bebeji Plaza a Gusau, daga can zuwa ƙananan garuruwa. Taimakon juna ne mai kyau, kuma da shi sana'ar ta ginu. Sai dai fayil ɗin da ya bi ta kwamfuta goma kafin ya iso, babu mai iya rantsuwa cewa yadda ya taso haka ya iso. Tambayar da sa hannu ke amsawa ke nan, kuma ita ce ake toshe wa baki idan aka danna lamba 7.

Kashewar iri biyu ce, kuma ba nauyinsu ɗaya ba

Hanya ta farko ita ce wadda Injiniya ya bi a sama. A Windows 10 da 11 ana danne Shift a zaɓi Restart, a bi ta Troubleshoot zuwa Advanced options zuwa Startup Settings, a sake kunnawa, a danna 7 ko F7. A Windows 7 ana samun wannan zaɓi ne ta danna F8 lokacin da kwamfuta ke tashi. Wannan kashewa ta wucin gadi ce, da zarar an sake kunna kwamfuta tsaron ya dawo da kansa. Wanda kwamfutarsa ke da BitLocker ya tabbatar mabuɗin ceto yana hannunsa kafin ya fara, domin ana iya tambayarsa, in kuma babu shi ya kulle kansa a waje.

Hanya ta biyu ita ce buga umarnin bcdedit /set testsigning on. Wannan shi ke kawo rubutun Test Mode a ƙasan allo, kuma yana nan daram har sai an kashe shi da hannu. An yi shi ne don masu rubuta direba su gwada aikinsu kafin su kai a sa musu hannu. A wannan yanayi Windows tana karɓar direban da aka sa wa hannu da kowace irin takardar shaida, har da wadda mutum ya haɗa wa kansa a ɗakinsa cikin minti biyu. Idan Secure Boot yana kunne umarnin ba ya shiga, shi ya sa masu bidiyo ke cewa a fara shiga BIOS a kashe shi. Wato an cire kwaɗo biyu ke nan don a shigar da baƙo ɗaya.

Akwai wani abu da ya kamata duk mai wannan sana'a ya sani. Kunshin direba yakan ƙunshi fayil mai ƙarewa da .inf, wanda rubutu ne zalla da ake iya buɗewa da Notepad, da mai ƙarewa da .cat inda sa hannun yake, wani lokaci kuma da mai ƙarewa da .sys, wanda shi ne ainihin abin da ke shiga zuciyar Windows. Wasu direbobin waya ba su zo da .sys nasu ba sam. Takardar .inf ce kawai ke gaya wa Windows ta yi amfani da usbser.sys, wanda na Microsoft ne kuma yana cikin kwamfutar tun asali. Irin wannan, in an shigar da shi sau ɗaya ta lamba 7, yana ci gaba da aiki ko bayan tsaro ya dawo, kuma haɗarinsa kaɗan ne. Wanda kuwa ya daina aiki da zarar an sake kunnawa, yana nuna Code 52, yana neman a bar ƙofa a buɗe har abada, to shi ne ke ɗauke da baƙon .sys da babu wanda ya tsaya masa. Nan ne ya kamata mutum ya dakata ya yi tambaya.

Abin da ɓarayi ke shan wahala kafin su samu

A Fabrairun 2020 kamfanin tsaro na Sophos ya bayyana yadda masu kutse da ke amfani da RobbinHood suke aiki. RobbinHood manhaja ce mai kulle bayanan mutane a nemi kuɗin fansa, ita ce ta durƙusar da kwamfutocin hukumar birnin Baltimore a Amurka a 2019. Masu ita suna da nasu direban marar sa hannu wanda aikinsa kashe manhajojin riga-kafi, amma Windows ba za ta karɓe shi ba. Sai suka nemo wani tsohon direba na kamfanin Gigabyte mai sa hannu na gaskiya amma mai rauni a cikinsa, suka fara ɗora shi, suka yi amfani da raunin suka kashe tantance sa hannu, sannan suka shigar da nasu.

A duba irin zagayen da ƙwararrun ɓarayi suka yi don su kashe abu ɗaya. Wannan abin shi ne ake kashewa da hannu a teburin gyara, kyauta, saboda wani bidiyo ya ce a yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa mai gidan ne ya ɗauki guduma.

Abin ya fi muni idan aka zo kan manhajojin kirak, wato kayan aikin cire makulli da na filashin waɗanda asalinsu na kuɗi ne aka fasa su ake rabawa kyauta. Kusan dukkansu da sharuɗɗa iri ɗaya suke zuwa: a kashe riga-kafin bairos, a kashe tantance direba, a buɗe da ikon mai gida. Wanda ya cika waɗannan uku ya miƙa kwamfutarsa kacokan ga mutumin da bai san ko sunansa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata makonni yana fasa manhaja ya raba wa duniya kyauta, dole a tambayi a ina yake cin ribarsa.

Ba a cewa da zarar an jona waya da irin wannan kwamfuta kuɗi za su fice daga asusu. Manhajojin banki suna da lambar sirri da nasu matakan tsaro. Haɗarin yana cikin abin da ke sauka a kan kwamfutar da abin da ke fita daga cikinta. Mai gyara yakan kwafe hotuna da lambobi da fayilolin mutum kafin filashin don kada su ɓata. A cikin hotunan nan akwai na takardar NIN, akwai hoton katin ATM gaba da baya, akwai na iyali da ba a so kowa ya gani. Shi kansa mai shagon, a wannan laftof ɗin yake buɗe imel da Facebook, kuma burauza ta adana masa kalmomin sirri. Manhajar da za a ɗora wa wayar ma daga kan wannan kwamfuta za ta fito. Tun bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, mutane da yawa da ba su taɓa tura kuɗi ta waya ba suka koma OPay da PalmPay da Moniepoint. Wayar da a da kira da waƙoƙi ne kawai a cikinta, yanzu jarin mutum ne a ciki.

Masu cewa sa hannun ma ba tabbas ba ne

Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a ɓoye ba. Stuxnet, bairos ɗin da aka gano a 2010 wanda ya lalata injinan nukiliyar Iran a Natanz, ya shiga ne da direbobi masu sa hannu da takardun shaidar da aka sace daga kamfanonin Realtek da JMicron. A 2021 an gano wani mugun direba mai suna Netfilter wanda Microsoft da kanta ta sa wa hannu bisa kuskure. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma, sabuntawar da kamfanin CrowdStrike ya tura ta kayar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya, alhali direbansa yana da cikakken sa hannu.

Amma a lura da abin da ya biyo baya a kowanne. An soke takardun shaidar da aka sace. An toshe Netfilter, aka dakatar da asusun da ya kawo shi. CrowdStrike kuwa cikin sa'o'i duniya ta san sunan mai laifi, kuma daga baya an kira wani babban jami'insa gaban majalisar dokokin Amurka. Microsoft tana da jerin direbobi masu rauni da Windows ke ƙin ɗorawa, kuma tun daga sabuntawar 2022 ta Windows 11 jerin a kunne yake zuwa. Duk wannan ya yiwu ne saboda akwai suna a jikin fayil ɗin. Direban da aka ciro daga filash ɗin abokin oga, in ya yi ɓarna, wa za a kama, kuma me za a soke?

Wasu kuma suna cewa kwamfutar mutum tasa ce, Microsoft ba ta da hurumin hana shi ɗora abin da yake so. Su ma suna da hujja. Takardar shaidar da ake buƙata kafin a kai direba wajen Microsoft tana cin ɗaruruwan daloli a shekara, abin da ya fi ƙarfin ɗalibi ko matashin da ke koyon haɗa na'ura a ɗakinsa. Akwai kuma tsofaffin firintoci da sikana a shagunan buga takardu waɗanda lafiyarsu ƙalau, kamfaninsu ne kawai ya daina kula da su. Jefar da na'ura mai aiki saboda rashin sa hannu asara ce. Don irin waɗannan ne aka bar lamba 7, kuma daidai ne da aka bar ta. Sai dai hujjar "kwamfutata ce" tana ƙarewa ne a daidai lokacin da aka jona wayar wani. Daga nan abin da ke cikin haɗari ba na mai kwamfutar ba ne shi kaɗai.

Abin da ya rataya a wuyan mai gyara

Abu na farko, a fara neman mai sa hannu. A bar Windows Update ta gwada, a duba Microsoft Update Catalog, a duba shafin kamfanin wayar. Idan an samu fayil, a danna masa dama a shiga Properties a ga ko akwai Digital Signatures, kuma sunan wa ke ciki. A ɗora shi a VirusTotal kafin a buɗe, aikin minti ɗaya ne.

Na biyu, in dole sai marar sa hannu, a buɗe .inf ɗin a karanta, a ga ko yana kawo nasa .sys. A cire kwamfuta daga intanet, a bi ta lamba 7, a ɗora wannan direba shi kaɗai, a sake kunnawa. Wanda ya tarar da Test Mode a allonsa ya buga bcdedit /set testsigning off ya sake kunnawa, ya mayar da Secure Boot. Umarnin sigverif yana nuna fayilolin da ba su da sa hannu, pnputil kuma yana lissafa direbobin da aka ɗora daga waje, yana kuma cire su.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, a raba kwamfutar aiki da ta rayuwa. Laftof ɗin filashin kada a buɗe banki ko imel a kanta, kada kuma fayilolin kwastoma su kwana a ciki. Wanda ba shi da halin laftof biyu yana iya sayen hadis na biyu ya riƙa canzawa, ko ya koyi tayar da Linux daga filash. A Linux direban da ke magana da irin waɗannan wayoyi yana cikin babbar manhajar tun asali, SP Flash Tool yana da nau'in Linux, akwai kuma mtkclient da ke GitHub wanda kowa na iya karanta yadda aka rubuta shi. Masu riƙe da Windows 7 don kawai ta fi sauƙin karɓar tsofaffin direbobi su tuna Microsoft ta daina tura mata gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, wa'adin Windows 10 ma ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Irin wannan kwamfuta in za a yi aiki da ita, a nisanta ta da intanet.

Akwai kuma doka. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan masu riƙe bayanan mutane ta hanyar sana'arsu. Ko babu doka ma, wanda aka miƙa wa waya a buɗe an ba shi amanar da ba a ba maƙwabci ba.

Abin da mai waya zai yi

Mafi yawan masu karanta wannan ba za su taɓa ɗora direba da hannunsu ba, amma kusan kowa wata rana zai tsaya gaban teburin mai gyara. Kafin ranar ta zo, mutum ya tabbatar lambobinsa da hotunansa suna ajiye a asusunsa na Google, ta yadda ba sai an kwafe su a kwamfutar kowa ba. Ya haddace imel ɗinsa da kalmar sirrinsa, ko ya rubuta ya adana a gida. Tun daga Android 5.1 waya takan nemi asusun Google na mai ita bayan an goge ta, kuma mantuwar wannan kalma ce ke tura mutane da yawa hannun manhajojin kirak. Ya goge hoton katin ATM daga wayarsa tun yau.

Ranar gyara ya cire layi da memori ya sa a aljihu kafin ya miƙa waya. In wayar tana cikin garanti, ya fara gwada cibiyar kamfanin, kamar Carlcare ga masu Tecno da Infinix da itel. In an kwafi kayansa a kwamfuta, ya tsaya a goge a gabansa. Bayan ya karɓi waya ya canza lambobin sirrin banki, ya duba ko an bar USB debugging a kunne ya kashe. In ya hango Test Mode a ƙasan allo, babu rashin kunya a ce, "Oga, wannan rubutun fa na mene ne?" Mai gyaran da ya san aikinsa zai yi bayani ba tare da ya ji haushi ba. Wanda ya ce "ba komai ba ne" ya kawar da kai, ya riga ya ba da amsa.

Kamfanoni da ƙungiyoyin kasuwa

Ba adalci ba ne a jibge laifin duka a kan matashin da ya koyi sana'a da kansa, da tsohuwar laftof da janareto, yana ciyar da gidansu da ita. Kamfanin da ya sayar da miliyoyin wayoyi a Najeriya ya san sarai cewa mafi yawansu ba a cibiyarsa za a gyara su ba, domin babu cibiyarsa a kowane gari. A teburin bakin titi za a gyara su. Ajiye direbobi masu sa hannu da manhajar kowace waya a shafi ɗaya da kowa zai iya samu ba zai ci wa irin waɗannan kamfanoni komai ba, kuma zai kashe kasuwar shafukan bogi.

Kafin su yi, ƙungiyoyin masu sayar da waya da gyaranta suna iya yin nasu. Kasuwar da ke iya haɗa kuɗin mai gadi da na shara tana iya ware mutum biyu da suka fi sanin kwamfuta su tattara direbobi masu sa hannu, su tantance su, su zama su ne tushen da kowa ke kwafa daga wurinsu. Yaron da ya zo koyon aiki a koya masa duba sa hannu a makon da ake koya masa riƙe abin narka dalma. Mai gyaran Tsafe ko Bunguɗu da ya shigo Gusau sayen sikirin da batir ya koma da tsaftataccen kunshi a filash ɗinsa.

Matashin Bilbis da ya biya kuɗin mota ya zo gyara ba ya neman komai face wayarsa ta tashi ya koma gida kafin yamma ta yi a hanya. Bai san VCOM ba, bai san .sys ba, kuma ba dole ne ya sani ba. Ya dogara ne da cewa wanda ya miƙa wa wayar ya san abin da ya shigar cikin kwamfutarsa da inda ya samo shi. Mai gyaran da ba zai iya amsa wannan tambaya ba, ya ɗage yatsansa daga kan lamba 7 har sai ya samo amsar.